Lambar Layi-layi a Katin Masu Karɓar Zakka

Duk wanda ya halarci rabon hatsin zakka a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san wuyar tantance masu karɓa. Sunaye kan zo iri ɗaya, rashin tsaro kuma ya raba iyalai da ƙauyukansu, har a rubuta mutum guda a masallatai biyu. Idan wani ya karɓa sau biyu, haƙƙin maraya ko matar da mijinta ya rasu ne ya salwanta. Shi ya sa muke buga lambar layi-layi, wato bakod, a jikin kowane kati.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Norman Woodland da Bernard Silver ne suka yi rajistarta a Amurka a 1952, aka kuma fara amfani da ita a kanti a 1974. Nau'in da muka zaɓa, Code 39, yana bayyana kowane harafi ko adadi da layuka baƙaƙe da farare, masu kauri da sirara.

Aikin yana farawa ne daga jadawalin Excel. Kwamitin masallaci zai kawo sunayen waɗanda ya tantance bisa rukunai takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata. Sai a bai wa kowa lamba tasa, misali ZRM0147. A sa alamar tauraro a farkonta da ƙarshenta, domin da ita na'ura ke gane mafari da ƙarshe, sannan a sauya salon rubutun zuwa na Code 39, lambar ta koma layuka. Ba a sa suna, domin wannan nau'i bai san ƙ, ɗ da ɓ ba.

Ranar rabo, ana haska katin lambar za ta faɗa cikin jadawalin, ko babu intanet. Idan an riga an karɓa da ita, nan take za a gani.

Muna roƙon kwamitoci su kiyaye abubuwa uku: a buga da baƙin tawada mai kyau, a bar farin fili a gefen layukan, kada kuma a naɗe katin a kansu.

Na'ura ba ta san mabuƙaci ba. Liman da mai unguwa ne suka san shi. Aikinta kawai ta tsare abin da suka shaida, domin mai bayarwa ya samu natsuwa cewa zakkarsa ta isa hannun mai ita. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.