Layin Ƙofar Gida da Aikin Zauren Majalisa

Duk lokacin da majalisar dokokin jiha ta dawo daga hutu, akwai jawabin da kusan kowa ya haddace. Kakaki zai yi wa takwarorinsa barka da dawowa, ya ambaci ilimi da lafiya da tsaro da noma, ya yi alƙawarin haɗa kai da ɓangaren zartarwa, a tafa, a tashi. Shi kuwa ɗan majalisa, kafin ya iso zauren ya riga ya yi wani zaman tun da sassafe a ƙofar gidansa. Ga mai takardar magani daga asibiti, ga wanda ba a biya wa ɗansa kuɗin jarrabawar NECO ba, ga wanda aka yi wa haihuwa suna ya matso, ga matashi da kwalin digiri yana roƙon a sa masa baki a wata ma'aikata. Da wannan ma'auni mutanen mazaɓa ke auna wakilinsu. Da wuya ka ji an tambayi matsayinsa a kan kasafin kuɗi. Tambayar ita ce: yana ɗaga waya? Hannunsa a sake yake?

Ba na cikin masu raina wannan layi. Wanda matarsa ke kan gwiwa a asibiti ba ya da lokacin sauraron bayani a kan rabon iko tsakanin majalisa da gwamna, kuma wakilin da ya rufe ƙofarsa da sunan shi mai yin doka ne kawai bai fahimci mutanen da suka aike shi ba. Abin da ke damuna shi ne inda aka tsaya. Mutum ɗaya, komai kaurin albashinsa da alawus ɗinsa, ba zai iya zama asibiti da makaranta da ofishin ɗaukar aiki ga mazaɓa guda ba. A Kano, alal misali, kujeru 40 ne a majalisa alhali ƙananan hukumomi 44 ne, domin sashe na 91 na tsarin mulkin 1999 ya ce kada majalisar jiha ta gaza mutum 24, kada kuma ta wuce 40. Shi ya sa Bagwai da Shanono ke da wakili ɗaya, haka Rimin Gado da Tofa, haka Kura da Garun Malam. Aljihun wa zai ɗauki wannan jama'a?

Kowane mutum da ke cikin layin nan shaida ce a kan wani wuri da gwamnati ta gaza. Idan mutum goma sun zo da takardar magani daga gunduma ɗaya cikin wata guda, to akwai asibitin sha-ka-tafi da babu magani a cikinsa, ko babu ma'aikaci. Ɗan majalisa zai iya biyan kuɗin goman nan, a yi masa addu'a, wata mai zuwa wasu goma su zo. Zai kuma iya tambayar abin da ya faru da kason wannan asibiti daga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Hanya ta farko kowane mai hali zai iya bin ta. Ta biyun kuwa sai wanda ke riƙe da kujera, domin sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon gudanar da bincike, da kiran kwamishina ko babban sakatare ya zo ya yi bayani da takardunsa a hannu.

Don haka idan za a tambaye ni abin da ya kamata wakili ya sa a gaba a sabon zango, zan fara da kasafin kuɗi, kuma ba ranar da gwamna ke gabatar da shi cikin kaɗe-kaɗe nake nufi ba. Watannin da ke biyo baya nake nufi. Tsakanin kuɗin da aka rubuta a kasafi da kuɗin da aka saki akwai rata mai faɗi, kuma a cikin wannan rata ne ajujuwan da rufinsu ya yaye suke ci gaba da zama a yaye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi tallafi daga hukumar UBEC, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara da shekaru hukumar na kokawa cewa kuɗin wasu jihohi na nan jibge ba a zo an ɗauka ba. Wakilin da ya tilasta aka saka wannan kaso a kasafi, ya kuma bi sawu har aka sake shi, ya yi wa yaran mazaɓarsa abin da rabon littattafan rubutu masu ɗauke da hotonsa ba zai taɓa yi ba.

Sai rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha. Sashe na 125 ya wajabta masa miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar bayanan babban akanta, majalisa kuma ta miƙa shi ga kwamitin lura da asusun gwamnati. A nan ake ganin kwangilar da aka biya ba a yi ba, da kuɗin da aka fitar babu rasit. Aiki ne mai gundura, ba ya shiga labaran rediyo, ba a yi wa mai yin sa kirari. Amma majalisar da ba ta karanta wannan rahoto ta amince da kashe kuɗin da ba ta san inda ya shiga ba.

Kada a ce majalisunmu ba su da ƙarfi ko ba su iya sauri. Majalisar tsohuwar jihar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Alhaji Balarabe Musa na PRP, daga bisani ta tsige shi a watan Yunin 1981. A watan Mayun 2019 majalisar Kano ta kammala dokar ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu cikin 'yan kwanaki, a ranar 23 ga Mayun 2024 kuma wata majalisar ta rushe su, gwamna ya sa hannu a ranar. Ba hukunci nake yankewa a kan masarautu ba, saurin nake nunawa. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, amma sai a 2023 Kano ta samu tata. Idan magana ta shafi mulki, alƙalami ba ya bushewa. Wannan zafin naman ne talaka ke da haƙƙin ya gani a kan abin da ya shafe shi, kuma yana yiwuwa: dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024 ta taɓa kusan kowane gida, musamman a kan cutar sikila.

Tsohon uzurin shi ne majalisa a hannun gwamna take ci, don haka ba ta iya ɗaga masa murya. Akwai gaskiya a ciki. An yi gyaran tsarin mulki a 2018 don ba majalisun jihohi 'yancin kuɗi, gwamnoni suka ja ƙafa, Shugaba Buhari ya fitar da umarnin zartarwa mai lamba 10 a 2020, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022, aka sake wani gyaran a Maris 2023. A takarda dai uzurin ya ragu ƙwarai. Abin da ya rage shi ne tsoron rasa tikiti, kuma wannan ba doka ce ke maganinsa ba.

Gyaran na 2023 ya kuma buɗe wata ƙofa, domin ya ba jihohi damar yin doka a kan wutar lantarki har a yankunan da babban layin ƙasa ya kai. Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi ikon kula da kasuwar wutarsu tun 2024, shekarar da mafi yawan Arewa ta kwashe kwanaki a duhu cikin watan Oktoba. Mai walda da tela da mai niƙa da suka rufe shago a lokacin su ne gobe za su tsaya a ƙofar ɗan majalisa neman jari.

Abin da zai haɗa ƙofar gida da zauren majalisa ba shi da tsada. Ofishi ne a cikin mazaɓa, buɗe a ranakun da kowa ya sani, da ma'aikaci mai rubuta kowane koke: daga wace gunduma, a kan me, wace ma'aikata ya shafa, me aka yi. Kada ya zama sai mai uban gida a jam'iyya ne zai samu shiga, kuma a ware lokacin mata, domin su ne suka fi sanin halin asibiti da rijiya amma su ne suka fi ƙaranci a ƙofar gidan ɗan siyasa. Bayan wata uku wannan littafi zai nuna wa wakili ƙudurin da zai kai zaure da kwamishinan da zai nemi a kira. Tsarin mulki ya wajabta wa majalisa zama na kwana 181 aƙalla a shekara, wa'adin waɗanda aka rantsar a Yunin 2023 kuma zai ƙare a Yunin 2027, kuma mun san shekarar ƙarshe neman tikiti ne ke cinye ta.