Ƙofar Ƙal'ar Halab: Ƙofar Da Ba Ta Shiguwa Da Gudu

A darasin tarihi muna yawan jin sunan Salahuddin Al-Ayyubi, amma ba kasafai muke jin na ɗansa Az-Zahir Ghazi ba, wanda ya mulki Halab a ƙasar Sham har ya rasu a 1216. Shi ne ya sake gina mashigar ƙal'ar birnin, wato gidan tsaron da ke bisa tudu a tsakiyar gari.

To, yaya ake shiga? An kewaye tudun da rami mai zurfi, hanya ɗaya tak ke haye shi: gadar dutse mai matakala. Mai hawanta a fili yake, maharba na kallonsa daga sama. In ya kai ƙarshe kuma, ba zai tarar da ƙofa a gabansa ba, tana gefe. Sunanta Babul Hayyat, Ƙofar Macizai, saboda macizan da aka sassaƙa a samanta. Daga nan hanya ta dinga karyawa ke nan, kwana biyar, ƙofofi uku, ga kafofi a rufi da ake zubo duwatsu da kibau.

Hikimar ita ce, masu fasa ƙofa da gungume sai sun ja da baya sun taho a guje. A nan babu filin gudun. Mahayin doki ma dole ya ja linzami. Kamar dai zaurukan gidajenmu ne, da ake karkata su don kada baƙo ya hango tsakar gida, sai dai wannan zaure na yaƙi ne.

Duk da haka ƙal'ar ta faɗa hannun Hulaku a 1260, Taimur kuma ya ci ta a 1400. Sarakunan Mamluk suka gyara, har suka ɗora babban zauren sarauta a kan mashigar.

A 1986 UNESCO ta sa tsohon birnin Halab cikin kayan tarihin duniya. Amma a yaƙin Siriya, a 2012, harsasai sun lalata ƙofar waje, girgizar ƙasa ta 2023 ta ƙara taɓa ginin. Maginan sun yi shirin doki da gungume, ba su yi na igwa ba. Yanzu ba maharba ke tsaron wannan ƙofa ba, zaman lafiya ne da masu gyara. Allah Ya ba mutanen Sham lafiya mai ɗorewa, amin.