Dalilin da Ya Sa Masu Kallon Hoki Suke Son Mai Juriya

A ƙasar Kanada, inda hunturu kan daskarar da tafkuna har yara su yi wasa a kansu, hokin ƙanƙara ya zama gadon gida, kuma wanda ya zauna cikin masu kallonsa zai lura cewa tafin da ake yi wa gwanin zura faifai a raga sau da yawa ba ya kai wanda ake yi wa mutumin da ya tare faifan da jikinsa, ya faɗi, ya miƙe da jini a baki ya ci gaba da wasa. Har yau mutanen Toronto suna ambaton Bobby Baun, wanda a shekarar 1964, a wasa na shida na neman Kofin Stanley, faifai ya karya masa ƙashin idon sawu, aka fitar da shi a ɗauke, amma ya dawo ya ci ƙungiyar Detroit a ƙarin lokaci.

Asalin al'amarin, a ganina, shi ne bambancin da malamai suke yi tsakanin baiwa da kasabi. Gwanintar Wayne Gretzky, wanda ya zura faifai a raga sau 894, baiwa ce da Allah ya keɓe shi da ita, mai kallo sai dai ya yi mamaki daga nesa; amma haƙuri da himma abu ne da manomi da mai haƙar ma'adinai suke fita da shi kowace safiya, don haka idan suka gan shi a kan ƙanƙara sai su ga kansu. Da wannan ne Bobby Clarke, ɗan garin ma'adinai na Flin Flon, mai fama da ciwon sukari, ya shiga zukatan mutanen Philadelphia yayin da ya jagoranci ƙungiyarsu ga kofi a 1974 da 1975.

Sai dai wannan ƙauna tana da nauyin da ba mai kallo ne yake ɗauka ba. Ƙungiyoyi sun daɗe suna ajiye 'yan wasan da aikinsu dambe ne kawai, tun da hukuncin faɗa zaman minti 5 ne a gefe, jama'a kuwa na ta shewa. Derek Boogaard, ɗaya daga cikinsu, ya rasu a 2011 yana da shekara 28, kuma da likitoci suka duba ƙwaƙwalwarsa sun tarar da cutar da yawan bugun kai ke haifarwa ta riga ta yi nisa.