In mota ta yi wari, a tsaya

Ɗan'uwa manomi, in kun ɗauki hayar tsohuwar Peugeot 404 don kai albasa daga Galmi zuwa Kwanni, kada ka bar wa direba lura da mota shi kaɗai. Ka ji wari ya taso daga ƙasa, ka ce a tsaya.

Wari mai yaji kamar gashi ya ƙone, birki ne ya kama. Sau da yawa na hannu ne ba a sake shi duka ba. Zafinsa yakan tafasa man birki, direba ya taka ya ji ba komi. Kada a watsa wa ƙarfen ruwa, yana iya lanƙwashewa. A jira ya huce.

Warin giris da ya ƙone ya fi ba ni tsoro. Rulma ce ta bushe, wato ƙarafan da ƙafar mota ke juyawa bisa kansu. Takan yi gurnani, gurnanin yana ƙaruwa da gudu. Kai bayan hannunka kusa da cibiyar kowace ƙafa, amma kada ka taɓa. Wadda ta fi zafi, a ɗaga ta da jak, a riƙe taya sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, ku sauke buhuna ku nemi wata mota. Ƙafar tana iya fita ana cikin gudu, ga mutane bisa kaya.