Ƙa'idar Kafa Soket A Amurka Da Abin Da Ya Shafi 'Yan Kasuwarmu

A ƙasar Amurka, mai gini ba shi da ikon kafa soket a inda ya ga dama. Kundin ƙa'idojin wutar lantarki na ƙasar, wanda ake kira NEC, shi ne ke fayyace wurin. An fara fitar da shi a 1897, kuma kamfanonin inshora na cikin waɗanda suka matsa a yi shi, domin su ke biyan diyya idan gobara ta tashi. Tun daga 1911 ƙungiyar kare gobara ta NFPA ke kula da kundin, tana sabunta shi duk bayan shekara 3. Ba dokar tarayya ba ce. Jihohi da birane ne ke ɗaukarsa su mai da shi doka.

Bisa ga kundin, a falo da ɗakin kwana kada wani wuri a gindin bango ya yi nisan fiye da ƙafa 6 daga soket, wato kada tsakanin soket biyu ya wuce ƙafa 12. A kan teburin ɗakin girki kuwa, nisan ƙafa 2 ne kawai. Manufar ita ce a raba jama'a da doguwar wayar jone-jone, wadda ake shimfiɗawa ƙarƙashin darduma a lafta mata kaya har ta yi zafi. Kuɗin ƙarin soket lokacin gini bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da asarar kanti guda.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi rai. Fis yana kare waya ne daga ƙonewa, ba ya hana wuta ta ja mutum. Saboda haka aka wajabta na'urar GFCI, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan aka sami giɓin miliamfiya 4 zuwa 6, alama ce wuta na zurarewa ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. An wajabta ta a banɗaki a 1975, a gareji a 1978, sannan kusa da wurin wanke-wanke na ɗakin girki a 1987.

Ga masu shigo da kayan lantarki Nijeriya, akwai abin lura. Soket ɗin Amurka na bolt 120 ne, alhali wutar Nijeriya bolt 230 ce, kuma filoginmu irin na Ingila ne mai ƙafa 3. Don haka GFCI ta soket ɗin Amurka ba ta dace da gidajenmu ba, komai arharta. Takwararta a tsarin Ingila ita ce RCD, kuma wadda ake sawa don kare mutum mai miliamfiya 30 ce. Tana ɗauke da maɓallin gwaji: wadda aka danna ba ta yanke wuta ba, ta lalace.