Daren Alhamis a Nasarawa Gwom

Ranar Alhamis babu karatun allo, shi ya sa aka zaɓe ta don zaman tatsuniya. Bayan sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar wani gidan haya a Nasarawa Gwom, a hura gawayi a kasko, domin sanyin Jos ba ya raga wa kowa in hunturu ya kankama. Tsofaffi mata ne ke jingina da bango, matan aure da 'yan mata a tsakiya, yara kuma a gaba. Sharaɗin zaman guda ɗaya ne: duk wanda ya zo saurare, wata rana layi zai zo kansa, ya ba da tasa.

Da kacici-kacici ake farawa don baki ya warware. Wanda ya kasa amsa ya ba da gari, mai tambaya ya karɓi Kano ko Bauci ya cinye, sannan ya faɗi amsar. Daga nan sai a shiga abin da ya tara mutane. Yarinya ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Aka amsa, "Ta zo mu ji ta." Sai ta kwasa da gudu, tana so ta kai ƙarshe kafin kunya ta kama ta.

"Ke 'yar nan, wa ya biyo ki?" in ji wata tsohuwa da kowa ke kira Goggo. "Ja numfashi. Kuma Gizo ba haka yake magana ba."

"To Goggo, yaya zan yi shi?"

Goggo ta karya harshe ta yi tsamin bakin Gizo, ta sauya murya ta zama Ƙoƙi mai haƙuri, ta kumbura wuya ta zama Dodo, har ƙananan yara suka matsa jikin iyayensu. A nan ne koyon yake. Ana gyara wa mai bayarwa inda za ta dakata, da inda za ta sassauta murya, da yadda za ta jefa waƙar da ke tsakiyar labari jama'a su karɓa. Wadda ta tsallake waƙar sai a mayar da ita baya, don tatsuniya babu waƙarta miya ce babu gishiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne gardamar da ke biyo baya. Tun farkon ƙarni na 20 haƙar kuza ta jawo mutane zuwa Jos daga Kano da Katsina da Zariya da Bauci da Barno, kowa da tatsuniyar kakarsa. Saboda haka labari ɗaya yakan zo da ƙarshe biyu ko uku, kowace tsohuwa ta dage tata ce ta asali. Ba a raba gardamar, kuma daidai ke nan. Yaran da aka haifa a birni kuwa sukan tsayar da labari su tambayi mene ne akushi, ko gammo, ko rumbu, a yi musu bayani a ci gaba.

Littafi ya yi nasa ƙoƙarin. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya rubuta Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta. Sun tsare mana labaran, Allah ya saka musu. Amma murya da kallon ido da amshi sai a bakin mutum ake ɗaukarsu. Mutanen garin nan sun san haka, su da suka rayu da Ɗan Maraya Jos har rasuwarsa a 2015, mutumin da yakan tsayar da miji da mata suna cacar baki a gabanka da kuntigi kawai da sauyin murya.

Akwai wani giɓi da tsofaffin ke gani a kan tabarmar. Sun tuna lokacin da 'ya'yan Birom da Jarawa da Yarabawa da Ibo ke zama tare da nasu, ana sauraro da Hausa, wani lokaci maƙwabciya ta kawo labarin ƙauyensu. Rikicin 2001 da na 2008, sannan na Janairun 2010 da ya tashi daga wannan yankin, sun raba unguwanni, maƙwabta da yawa sun tashi. Shi ya sa Goggo, in za ta ba da labarin da ta koya a bakin wata tsohuwar maƙwabciyarta, sai ta fara faɗin ko 'yar wace ƙabila ce da ɗakin da ta zauna a gidan. Ta kuma kafa wa 'yan matan doka: duk wadda za ta maimaita labarin, a nan ko a gidan mijinta, dole ta fara da wannan bayanin.