Ikilisiyar da Ta Yi Gardama a Kan Waƙa

Yau muna rera waƙa a sujada ba mai cewa don me, amma a dā ba haka yake a wurin 'yan Baptis ba. A birnin Landan, Fasto Benjamin Keach ya fara sa jama'arsa rera waƙar yabo a lokacin Jibin Ubangiji kaɗai. Da aka yarda a 1691 a riƙa rerawa kowace Lahadi, sai rigima ta tashi. Waɗansu suka ce waƙar da mutum ya tsara ba ta dace da sujada ba, har suka fita suka kafa tasu ikilisiya.

Ikilisiyar Keach ɗin nan ce ta kira Charles Spurgeon a 1854, yana ɗan shekara 19. Majami'arsu ta New Park Street ta yi musu kaɗan, ko bayan an faɗaɗa ta. Suka yi hayar babban zaure a Surrey Gardens, inda a 1856 aka yi ihun gobara na ƙarya, mutum bakwai suka rasu a turmutsitsi. A 1861 suka buɗe Metropolitan Tabernacle mai ɗaukar mutum wajen 5,000, ba bashin ko sisi.

Duk girman ginin nan, ba su sa kayan kiɗa ba. Mutum guda ne ke ɗaga murya, dubbai su bi shi, suna rerawa daga littafin waƙoƙin da Spurgeon ya tattara a 1866.